Sun ce za su yanko tsokar ƙirjina su cike mini kunci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana biyar, muna zaune a wani gari kusa da Funtuwa. Kusan shekara guda ke nan wani gyambo ya fito mini a cikin kunci ta hagu, dab da dasashi. Na ɗauka haƙori ne, har aka cire mini guda, bai warke ba. Da muka je asibitin koyarwa aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka yi hoto, sai suka ce ciwon daji ne, ya fara cin ƙashin muƙamuƙi amma bai kai huhu ba. Wai za su cire wurin duka har da wani ɓangare na ƙashin da kaluluwar wuya, sannan su yanko tsoka daga ƙirjina su cike ramin. Uwar mijina ta ce daji ba ya son ƙarfe, duk wanda aka yanka ba ya tashi, har ta samo mai magani. Kawuna ya ce a ɗauko nama daga wani wuri a kai wani wuri canza halittar Allah ne. Yayana ya ce a jira a tara kuɗi a kai ni Indiya. Maigidana bai ce komai ba, kuma shirunsa ya fi komai damuna. Anti, in an taɓa fuskata an taɓa ƙirjina, me ya rage mini? Sati biyar ke nan da ranar da suka ba mu ta wuce, ba mu koma ba.

Daga wata baiwar Allah, Jihar Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne, ya raya miki yaran nan.

Duk cikin wasiƙarki, sati biyar ɗin nan ne ya fi tayar mini da hankali. Ki koma asibiti cikin makon nan, ko da zuciyarki ba ta gama tsayawa wuri ɗaya ba. Don kin koma ba shi ke nan kin sa hannu ba. Dajin baki ba ya jiran dangi su gama muhawara. Abin da yau za a cire da gefen ƙashi, nan da 'yan watanni yana iya kaiwa inda likita zai ce wuƙa ba ta da sauran amfani. Da suka ce miki bai kai huhu ba, suka kuma ba ki ranar aiki, suna ganin akwai damar raba ki da ciwon ne, kuma ba kowa ake gaya wa haka ba, don da yawa daga masu zuwa asibitocinmu da irin wannan ciwo sai lokaci ya ƙure suke isa. Kada ki yi mamaki in sun ce a sake hoto, na baya ya fara tsufa. Fuskar nan da kike tsoron a taɓa, ciwon yana nan yana taɓa ta kullum, shi kuma ba ya cike inda ya ci.

Hajiya, uwar mijinki, ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. Ta ga wance da wane da aka yi wa aiki suka rasu. Abin da ba ta lissafa ba shi ne shekara ɗaya ko biyu da suka yi ana shafe-shafe da hayaƙi kafin a kai su asibiti, ciwon ya riga ya bi jiki, sai wuƙar da ta zo a makare ta ɗauki laifi. Akwai kuma ƙamshin gaskiya a zancen: in wanzami ya tsaga ƙari, ko wani mai kemis ya yanki rabi ya bar rabi, lallai abin tsananta yake yi. Shi ya sa likitan daji ba ya shiga cikin ƙarin. Zagaye shi yake yi, ya haɗa da lafiyayyen nama kamar santimita ɗaya ta kowane gefe, ya ɗauke shi ɗungurungum, a kai ɗakin gwaji a duba bakin yankan ko an bar saura. Kaluluwar wuya kuwa ana kwashe ta ne don nan ne zangon farko da dajin baki yake sauka in ya tashi yaɗuwa.

To kin ga ramin da za a bari ya fi gyambon da kike gani a madubi girma nesa ba kusa ba. In aka jawo bakinsa aka ɗinke haka nan, bakinki ba zai buɗu ba, harshe zai ɗaure, ɗinkin zai ɓalle, yawu da abinci su riƙa zuba cikin wuya inda babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa take. Siririyar fatar da ake ferewa daga cinya a manna wa wanda ya ƙone ba za ta yi a nan ba: ba ta da jininta, daga naman da aka ɗora ta a kai take sha, saboda haka ba ta kamawa a kan tsurar ƙashi ko ƙarfe, ba ta kuma cike rami. Abin da ake bukata nama ne mai kauri wanda zai zo da jininsa.

Kin san yaɗon kabewa. Kina iya jan reshen ki ɗora shi kan danga ko kan rumfa, ya ci gaba da rayuwa a can, tunda saiwarsa na nan a ƙasa ba a tuge ta ba. Haka aikin yake. A ƙirji akwai wata faffaɗar tsoka shimfiɗe a kan haƙarƙari, a ƙarƙashin nono. Jijiyar da ke ba ta jini daga sama take fitowa, ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ta gangaro tana bin bayan tsokar. Likita zai saki tsokar daga ƙasa, ya bar jijiyar a haɗe ta sama, ya juyo ta, ya bi da ita ta ƙarƙashin fatar wuya har zuwa kunci. Sau da yawa yakan haɗo da ɗan yankin fata a kanta, wanda zai zama sabon bangon cikin baki. A kan hanyarta tsokar tana lulluɓe babbar jijiyar wuyan nan, wannan kuma kariya ce babba, musamman ga wanda za a yi wa gashi daga baya, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura. Wani likita a Amurka, Stephan Ariyan, shi ya bayyana wannan dabara a 1979, kuma sama da shekara arba'in ke nan ana dogaro da ita, saboda jijiyar tana da ƙarfi, aikin bai cika cin lokaci ba, kuma ba ya bukatar na'urar da ba kowane asibiti ke da ita ba. Da wuya tsokar ta mutu gaba ɗaya. Abin da aka fi gani shi ne gefen fatar ya yi baƙi ya zube, ko yawu ya ɗan riƙa tsattsafowa ta ɗinki na wasu makonni, a yi ta wanki har ya rufe. Wannan ya ɗan fi samun mata, don kitsen nono yana shiga tsakanin fatar da tsokar.

Sai maganar ƙirji, wadda na san kunya ta hana ki tambayar likita. Ba nono za a cire ba. Tsokar a bayansa take, ɗaga shi ake yi a zaro ta. Amma ba zan ce miki zai zauna yadda yake daidai ba: yana iya ɗan karkata ko ya bambanta da ɗan'uwansa, ƙasan ƙashin kafaɗa ya ɗan faɗa, kuma tabo zai kasance. Likitoci sun san wannan damuwar ta mata, shi ya sa sukan bi da yankan ta lanƙwasar ƙasan nono, su ɗebi fatar daga nan, inda tabon yake ɓuya. Wani lokaci ma tsokar kaɗai ake ɗauka ba fata, cikin 'yan makonni naman baki ya yaɗu ya rufe ta. Ki buɗe baki ki tambaye shi ta ina zai yanka, ya nuna miki a jikinki. In ba za ki iya da namiji ba, ki fara gaya wa wata nas ko likita mace ta shige miki gaba. Hannu zai ci gaba da aiki, wasu tsokokin suna karɓar nauyin. Daka da ɗaukar tulu dai sai a haƙura da su na wani lokaci. In kafaɗa ta yi nauyi, galibi daga aikin wuyan ne, akwai wata jijiyar motsi da ke ratsa wurin, kuma motsa jikin da masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da atisayen gaɓoɓi, za su koya miki yana taimakawa sosai in aka fara da wuri.

Tambayar da nake so ki riƙe da kyau ita ce ta ƙashi. Gefensa na sama kawai za su sassaƙe su bar muƙamuƙin a haɗe, ko datse shi za su yi gaba ɗaya? In datsewa ce, ta gefe ce ko ta kai haɓa? Bambancin yana da yawa. In gefe ne, akan ɗaure gibin da ƙarfen titaniyom a naɗe shi da tsokar, ko a cike da tsokar kaɗai, muƙamuƙi ya ɗan karkata wajen da aka yi aikin amma mutum yana ci yana magana. In kuwa haɓa za ta tafi, nan tsoka kaɗai ba ta isa ba, sai da ƙashi, don shi ke riƙe harshe da leɓe.

A nan ne ɗaya hanyar take shigowa, wadda wataƙila labarinta ne ya sa yayanki yake maganar Indiya. Ana iya yanko nama daga nesa a raba shi da jiki ɗungum tare da jijiyoyinsa, a kawo fuska, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Likitocin Sin ne suka fito da ɗaukar fatar hannu ta wannan hanya a 1981, a 1989 kuma David Hidalgo a birnin New York ya nuna yadda ake gina muƙamuƙi da ƙaramin ƙashin ƙwauri, wanda ake iya ɗebe kusan santimita 25 daga cikinsa mutum ya ci gaba da tafiya, tunda babban ƙashin ne ke ɗauke da yawancin nauyin jiki. A hannun waɗanda suka saba, sama da 95 cikin 100 na irin wannan dashe suna kamawa, siffa takan fi kyau, har ana iya dasa haƙora a kai daga baya. Sai dai aiki ne na awa takwas zuwa goma sha biyu, yana son ƙwararru biyu ko fiye, da masu jinyar da za su riƙa duba naman kusan kowace awa a kwana biyu zuwa uku na farko, don in jini ya daskare a jijiyar sai an koma ɗakin tiyata nan take, ko tsakar dare ne. Inda babu wannan tsarin, tsokar ƙirji ta fi aminci. A Indiyar ma, inda dajin baki ya yi yawa saboda taunar taba, har gobe ana yi wa ɗimbin mutane aiki da tsokar ƙirjin nan. Kina iya sayar da gona ki je can a yi miki abin da aka ce za a yi miki a gida.

Ba ina hana ki neman ra'ayin wani likita ba ne. Asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato da Jos da Maiduguri duk suna da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Ki ɗauki takardar sakamakon gwajin nama da hotunanki ki kai, amma ki sa wa abin wa'adi na mako ɗaya ko biyu. Da kuɗin Indiya na hannu yau, da biza ta fito, da sai in ce Allah ya kiyaye hanya. Jiran a tara shi ne ban yarda da shi ba. Gyaran siffa ana iya komawa a ƙara shi bayan shekara ɗaya ko biyu, a rage kauri, a sa ƙashi, a gyara leɓe. Cire ciwon shi ne ba ya ɗaguwa. Gyaran fuska kuwa ba baƙon abu ba ne a arewa: asibitin yara masu cutar noma, ciwon nan da ke cin naman baki da fuska, da ke Sakkwato tun 1999 yake, kuma ana ta gina wa yara kunci da leɓe da hanci da naman jikinsu a can.

Fuskarki ba za ta koma yadda take ba, gara ki ji daga bakina. Makonnin farko za ki kumbura har ki ƙi kallon madubi, wuya ta gefen hagu ya yi tudu inda tsokar ta bi. Kada ki yanke wa kanki hukunci da fuskar watan farko. Tsokar da aka raba da jijiyar motsinta tana saɓewa a hankali, cikin wata shida zuwa shekara tudun yana raguwa ƙwarai. In fatar waje ta kuncin ba ta kamu ba, gyaran duk a ciki zai kasance, abin da mutane za su gani tabo ne a wuya, wataƙila da leɓe, da ɗan rashin daidaito. Leɓen ƙasa ta wannan gefen yana iya mutuwa ba kya jin taɓi, yawu ya riƙa zubowa ba ki sani ba sai kin saba. Haƙoran wurin za su tafi. Magana za ta canza da farko sannan ta daidaita. Buɗe baki sai da atisaye kullum, wannan kuma aikinki ne, ba mai yi miki.

Kawu kuma a gaya masa cikin ladabi cewa malamai sun riga sun yi magana. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a ɗauki wani sashe na jikin mutum a mayar wani wuri a jikinsa in amfanin ya rinjayi cutarwa, a 2007 kuma a Malesiya ta halatta tiyatar gyara abin da ciwo ko haɗari ya ɓata. Abin da aka hana shi ne mai lafiyayyar halitta ya sauya ta don son ƙawa. In Kawu yana da malamin da yake ji da shi, a je tare a tambaya. Hajiya ma kada a yi fito-na-fito da ita. Addu'a da tofi da sadaka duk a ci gaba, a ba ta wannan ɓangaren ta riƙe. Abu biyu kawai za ki tsaya a kai: kada a sa komai a cikin gyambon, kuma duk jiƙon da kika sha ki gaya wa likitan da zai sa ki barci, don wasu suna tsinka jini, wasu suna taɓa hanta da ƙoda.

Kafin ranar aiki, ki ci abinci kamar an sa ki dole. Na san tauna na yi miki ciwo, kuma na tabbata kin rame. Jikin da ya rame ba ya riƙe ɗinki. Kunun gyaɗa da madara, ƙwai, alala, awara, kifi da aka dagargaza, hanta, miyar ganye, duk abin da zai wuce. In kina da ciwon suga ko hawan jini a daidaita su. In kina taɓa taba ko wace iri, har ta gari da ake sawa a baki, ki bari yau, tana matse jijiyoyin da tsokar za ta rayu da su. Yayanki ga inda zai yi amfani: ya tara 'yan'uwa masu ba da jini, ya riƙe lissafin kuɗi, ya je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ya ji irin rangwamen da ake yi. Ya kuma sani kuɗin bai ƙare a ɗakin tiyata ba. Ciwon da ya taɓa ƙashi kusan kullum sai an bi shi da gashin na'ura, kwana biyar a mako har kimanin mako shida, wani lokaci da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, kuma ana so a fara cikin mako shida da yin aiki. Cibiyoyin gashi kaɗan ne a ƙasar nan, layi kuma dogo, saboda haka a tambayi inda za a yi a kama layi tun yanzu. Likitan haƙori ma ya duba ki kafin gashin, don cire haƙori bayansa yana iya jawo ruɓewar ƙashi.

In kin farka za ki ga roba a hanci wadda za a riƙa ba ki abinci ta ciki na mako ɗaya zuwa biyu, da wasu robobi a wuya da ƙirji masu tsotse jini da ruwa. Mai yiwuwa da ɗan bututu a maƙogwaro don numfashi, na 'yan kwanaki ne, ana cirewa ramin ya rufe da kansa. Lokacin ba za ki iya magana ba, ki tanadi littafi da biro ko ku shirya alamu da mai jinyarki. Ki gaya mata tun yanzu: kada ɗaurin ɗankwali, igiyar bututu ko hijabi ya matse gefen wuyan da tsokar ta bi, kada kuma ki kwanta a kansa. Ta nan jinin yake wucewa. Masu zuwa dubiya a rage su a makon farko. Yaran kuma a gaya musu tun kafin su zo cewa Umma za ta kumbura kuma kumburin zai sauka.

Maigidanki ban san zuciyarsa ba, ke ma a yanzu hasashe kike yi. Namiji yakan yi shiru don tsoron rasa matarsa, ko don yana lissafin kuɗin da ba shi da shi yana jin kunyar faɗa, ko don an sa shi a tsakiya, ga uwa ga mata. Kin zaɓi fassarar da ta fi ciwo kin riƙe. Ki same shi ku biyu, ba a gaban Hajiya ba, ki ce masa, "Ina so in rayu in ga auren yaran nan, ina so ka raka ni." Ranar komawa ya shiga ɗakin likita da ke, ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa, in akwai hotunan waɗanda aka yi wa irin aikin bayan shekara guda a nuna muku tare. Mutumin da aka yi shawara da shi ya fi tsayawa a kan abu fiye da wanda aka kawo wa labari. Ba zan yi miki alkawarin yadda zai kasance bayan aiki ba. Akwai mazan da suka tsaya, akwai waɗanda suka ja baya, kuma waɗanda suka ja bayan ba su tsaya wa matan da suka ƙi aiki ciwo ya ci fuskarsu ba. Ki nemi yardarsa da duk hanyar da kika sani, ki sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana in ta kama. Amma takardar amincewa da aiki, ke baliga mai hankali, hannunki ake nema a kanta.

Bayan an gama komai za su riƙa kiranki duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, sannan a riƙa tsawaitawa har shekara biyar, don in ciwon zai dawo ya fi dawowa a shekara biyun farko. Ki sa kuɗin motar waɗannan zuwan a cikin lissafi tun yanzu. Ranar da za ki koma ki tafi da katinki da duk takardunki, ki rubuta tambayoyinki a takarda don kada kwarjinin likita ya sa ki manta, ki kuma gaya musu gaskiyar abin da ya hana ki zuwa, sun saba ji. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunki.